Yadda Ake Karanta Littafin Poirot Ka Kama Mai Kisan Kafin Babin Ƙarshe

Yawancin masu karanta littattafan binciken kisa suna bin su ne kamar kowane labari. A bi shafi-shafi, a kai ƙarshe, a riƙe baki a ce ashe wane ne. Ba laifi ba ne, amma rabin daɗin ke nan. Irin wannan littafi gasa ce tsakanin marubuci da mai karatu. An ajiye maka duk abin da kake buƙata a cikin shafukan, sai dai an ajiye shi a inda idonka zai bi ta kansa bai tsaya ba. A ganina babu wanda ya kai Agatha Christie iya wannan aiki, kuma jerin littattafanta na Hercule Poirot su ne filin da ya fi dacewa a koyi wasan.

Poirot tsohon ɗan sandan Beljiyam ne da yaƙin duniya na ɗaya ya koro shi Ingila gudun hijira, ya koma bincike mai zaman kansa. Ya fara fitowa a 1920, Christie ta rubuta cikakkun littattafai 33 a kansa da gajerun labarai fiye da 50, har zuwa 1975 da ta rufe jerin. A shekarar ce jaridar New York Times ta buga labarin mutuwarsa a shafinta na farko, alhali mutumin ƙirƙira ne. Ga yadda za ka shiga gasar da shirinka.

Fara da zaɓen littafi

Ba dole ba ne ka bi jerin daga na ɗaya zuwa na 33, kowane littafi yana tsaye da ƙafarsa. Amma akwai tarko uku da ya kamata ka sani. A cikin Dumb Witness na 1937, Poirot ya ambaci sunayen masu kisan wasu littattafan baya, har da na The Mysterious Affair at Styles da The Murder of Roger Ackroyd, saboda haka ka karanta waɗannan biyun kafin shi. Cards on the Table na 1936 kuma ya tona asirin Murder on the Orient Express a cikin wata 'yar hira. Shi kuwa Curtain, wanda ta rubuta tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka adana shi sai 1975, ka bar shi can ƙarshe.

Ga sabon shiga, Styles ne ya fi. Shi ne na farko, gida ɗaya ne, mutanen ba su da yawa, kuma ana samunsa kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. Wanda Faransanci ko Larabci ya fi masa sauƙi, an fassara littattafan zuwa harsunan biyu tun da daɗewa.

Ka nemi takarda da biro. Kada ka buɗe shafin littafin a Wikipedia, domin a can ana ba da labarin har ƙarshe. Kada ka kalli fim ɗinsa tukuna, kuma in bugun da ke hannunka yana da gabatarwar wani masani, tsallake ta.

San ƙa'idar wasan

A 1929 wani limamin Katolika mai rubuta irin waɗannan labarai, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na adalci ga mai karatu. Waɗanda za su yi maka amfani su ne: dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon littafi, ba baƙon da zai faɗo a babin ƙarshe ba. Babu aljani, babu tsafi. Babu gubar da duniya ba ta san ta ba. Duk alamar da mai binciken ya tsinta, sai an nuna wa mai karatu. Christie tana cikin ƙungiyar marubutan da suka yi riƙo da wannan aƙida, wadda aka kafa a Landan a 1930, ta kuma shugabance ta daga 1957 har rasuwarta a 1976. Takan lanƙwasa ƙa'idojin iya lanƙwasawa, har an yi ta ce-ce-ku-ce a kan littafinta na 1926, wato The Murder of Roger Ackroyd, amma alamun suna nan a shafi ga mai dubawa. Ka shiga da yaƙinin cewa sunan mai kisan yana cikin sunayen da za ka rubuta a takardarka.

Fahimci gidan da ka shiga

Nan ne mai karatu Bahaushe yake buƙatar ɗan ƙarin shiri, domin dalilin kisa a yawancin littattafan nan kuɗi ne, kuma tsarin gadon Ingila na wancan zamani ba irin wanda muka saba ba ne. Mu mun san rabon gado ƙayyadadde ne, wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji. A can kuwa mai dukiya yana iya rubuta kusan duk abin da ya mallaka ga wanda ya ga dama, ya hana ɗansa, ya ba mai jinyarsa, gobe ya yi fushi ya kira lauya ya sauya. Shi ya sa za ka ga zaratan mutane masu shekara arba'in suna zaune a gidan tsohuwa, suna cin abincinta, suna jin haushinta, ba su iya ɗaga mata murya. Duk lokacin da ka karanta cewa wani ya aika a kira lauyansa, ja layi a ƙarƙashin wurin, ka tambayi kanka abu biyu: wa zai yi asara in an sauya wasiyyar, kuma wa ya san za a sauya ta. Tambaya ta biyun ta fi ta farko nauyi, domin wanda bai sani ba ba shi da dalilin gaggawa.

Akwai wasu dokoki biyu da suke yawan shiga cikin lissafi. Bisa dokar wasiyya ta 1837, wanda ya yi sabon aure tsohuwar wasiyyarsa ta rushe. Sannan wanda ya kashe mutum ba ya cin gadonsa, kamar dai yadda yake a shari'ar Musulunci. Ma'anar wannan ita ce mai kisan bai isa ya tsere kawai ba, sai ya zauna a gidan, ya halarci jana'iza, ya fita fes daga zargi, in ya samu dama ya shafa wa wani kashin kaji. Ka kuma tuna hukuncin kisa a Ingila rataya ne har zuwa 1965. Wannan ne ya sa za ka ga uwa ko masoyi suna shirga ƙarya don kare wanda suke tsoron shi ne ya aikata.

Kada ka raina barorin gida. Mai dafa abinci, mai gyaran ɗaki, mai lambu, babban baran da ke buɗe ƙofa, su ne suka san wa ya tashi da dare, wa ya nemi a kai masa ruwan zafi, wane kofi ne ya ɓata. Masu gidan ba sa ma kallon fuskarsu, kuma marubuciyar tana amfani da wannan rainin sosai. Za ka kuma ci karo da maganganun ƙyamar baƙi da raina wasu ƙabilu a bakin mutanen labarin, har shi Poirot ana yi masa kallon baƙo abin dariya. Yakan ƙara wa Turancinsa gurguntaka da gangan don a raina shi a saki baki.

Babukan farko

Kada ka yi sauri don ka kai wurin gawa. A Death on the Nile na 1937 sai an ci kusan rabin littafin kafin a yi kisan, kuma abin da aka faɗa kafin nan ya fi abin da za a faɗa bayan nan gaskiya, domin a lokacin marasa laifi ba su fara tsoro ba. Duk wanda ya shigo labarin, rubuta sunansa, dangantakarsa da mai dukiyar, inda yake samun kuɗi, da sana'ar da ya taɓa yi. Sana'a tana da muhimmanci. Wanda ya taɓa wasan kwaikwayo zai iya sauya kama da murya. Wanda ya taɓa aikin asibiti ya san magani. Wanda aka ce ya daɗe a ƙasar waje ya dawo, tambayi kanka ko akwai mai iya shaida fuskarsa a gidan.

In littafin yana da zane, kwafe shi da hannunka. Styles yana da zanen ɗakunan bene da na ɗakin marigayiyar, Orient Express, wanda aka yi kisansa a cikin jirgin ƙasa, yana da zanen taragon da jerin ɗakunan fasinjoji. Ba don ado aka sa su ba.

Jadawalin lokaci, da raba gani da ji

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma a nan ake cin gasar ko a faɗi. Da zarar an tsinci gawa, buɗe sabon shafi, ka ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku. A gida na farko lokaci. A na biyu abin da aka ce ya faru. A na uku wanda ya faɗa, da yadda aka yi ya sani.

Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda ake yi. A ce mai dafa abinci ta shaida cewa ta ga uwar gida tana ratsa lambu da ƙarfe huɗu da kwata. Mai karatu da ke sauri zai ɗauka cewa matar tana da rai a huɗu da kwata, ya wanke duk wanda yake da shaida daga wannan lokaci zuwa gaba. Kai kuwa koma kan jimlar. Daga ina ta hango ta? Ta tagar kicin. Me ta gani? Koriyar riga da faffaɗar hula, ta baya. Ta ga fuska? A'a. Yaya aka yi ta san huɗu da kwata ne? Agogon bango. Wa ya shiga kicin ɗin da rana? To abin da za ka rubuta a gida na biyu ba "uwar gida a lambu" ba ne. Za ka rubuta "wani sanye da koriyar riga a lambu", a gida na uku kuma "mutum ɗaya, daga nesa, da agogo ɗaya". Mai dafa abincin ba ta yi ƙarya ba, ta faɗi abin da ta yi imani da shi. Bambancin da ke tsakanin abin da idonta ya gani da abin da zuciyarta ta ƙarasa mata, a nan mai kisan yake ɓuya.

Haka za ka yi wa murya da aka ji ta bayan ƙofa, da ƙarar bindiga, da wasiƙar da aka ce marigayi ya rubuta, da kiran tarho. Duk abin da ya tsayar da lokacin mutuwa daidai wa daida, yi masa kallon tuhuma. A Orient Express an samu agogon marigayin ya tsaya a ƙarfe ɗaya da kwata, kuma Poirot bai karɓi wannan hannu bibbiyu ba. Likita yakan ba da tazara ne, ya ce tsakanin kaza da kaza. In wani abu ya matse tazarar nan ta koma minti ɗaya, duba wa matsewar ta amfana.

Game da guba, ka yarda da abin da littafin ya faɗa. Christie ta yi aikin haɗa magani a asibitin garinsu Torquay lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ta sake yi a wani asibitin Landan a na biyu, saboda haka ba ta yi wa guba ƙarya. In likitan labarin ya ce gubar tana aiki da sauri amma marigayiyar ba ta fara shure-shure ba sai da asuba, kamar yadda ya faru a Styles, to wannan jinkirin tambaya ce da dole amsarka ta warware. Rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Sai shaidar cewa mutum ba ya wurin. Mutumin kirki sau da yawa ba ya iya tuna inda yake da ƙarfe tara na daren Talata. Wanda ya zo da shaida a shirye tsaf, da mutum uku da tikitin jirgi, ka tambayi kanka me ya sa ya tanade ta. In kuma mutum biyu ne suke wanke juna, ɗauke su a matsayin shaida ɗaya, ko da a gaban jama'a ba sa ga maciji da juna. Ƙiyayyar da ake yi a bainar jama'a ba ta da wuyar kwaikwayo.

Goro a miya

Alamu iri biyu ne. Akwai masu ƙyalli da aka watsa don su ja ido: hankici mai harafin suna, maɓallin riga, guntun taba. A Orient Express an tsinci hankici mai harafin H da tsinken goge lofe a ɗakin marigayin, Poirot da kansa ya ce alamun sun yi yawa. Rubuta su, amma kada ka gina gidanka a kansu, domin abin da aka yar ana iya yar da shi da gangan.

Na biyun su ne ƙananan abubuwan da ba su zauna daidai ba, waɗanda ake ambata a tsakiyar jimla a wuce. A Styles, tsohuwar ta sa a hura mata wuta a murhun ɗakinta a watan Yuli, a ranar da ake fama da zafi. Mai karatu yakan wuce, don tsofaffi da jin sanyi ba baƙon abu ba ne. Poirot kuwa ya durƙusa gaban murhun ya tona tokar, ya zaro guntun takarda da bai ƙone ba. Da walakin, goro a miya. Kujerar da aka matsar, tagar da aka buɗe a lokacin sanyi, mai tsabtar da ya bar ɗaki a hargitse, marowacin da ya yi kyauta, duk ka ba su shafi nasu.

Dabarar da Christie take yawan amfani da ita wajen ɓoye irin wannan alama ita ce ta saka ta cikin jerin kaya. Za a zazzage jakar mace a lissafa abu takwas, bakwai na banza ne. In ka ga jeri, rage gudu, ka tambayi abin da ya kamata a gani a ciki amma babu shi. Wata dabarar kuma, da an faɗi magana mai nauyi sai wani ya shigo da gudu, ko a yi abin dariya, hankalinka ya tafi can. Duk inda aka katse wa mutum magana, koma ka karanta rabin da ya samu ya faɗa.

Ka bi tambayoyin Poirot, musamman waɗanda suka yi kama da shirme. A Cards on the Table mutum huɗu kacal ake zargi, dukkansu suna karta a ɗakin da aka yi kisan. Ya tattara takardun da suka rubuta makin wasan, ya kuma ce kowa ya lissafa masa kayan da ya tuna a ɗakin. Abin da yake nema shi ne halin kowannensu, wa yake da kasada, wa hankalinsa ya bar wasan, a wane lokaci. Shi a wurinsa kisa yana kama da mai shi, kuma matsoraci ba ya yin kisan mai ƙarfin hali. In ya yi tambayar da ba ka ga kanta ba, rubuta ta, ka nemi amsar da za ta sa ta zama mai ma'ana.

Amma kada ka bi abokinsa Kyaftin Hastings, wanda yake ba da labarin a littattafai takwas. Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar da yake yi masa ce takan kauce, kuma kyakkyawar fuska tana saurin tafiya da shi. Haka Sufeto Japp, yakan yi saurin kama wanda ya fi fitowa fili.

Tace ƙarairayi

Kusan kowa a littafin zai yi ƙarya, kuma kama mutum da ƙarya ba kama mai kisa ba ne. Wannan yana ɓoye bashin caca, waccan ta yi aure a asirce, wancan ya ɗauki kuɗi a aljihun tebur. Gaban kowace ƙarya rubuta abin da take rufewa. In asirin ya fito ya bayyana ƙaryar gaba ɗaya, ajiye mutumin gefe, amma kada ka soke sunansa. Christie ta san mai karatu yana cire ido daga wanda aka riga aka zarga aka wanke, da wanda aka kai wa hari ya tsira, da wanda ya kira mai binciken da kansa. Ba kuma kullum ne wanda ba a zata ba yake zama mai laifin. Sau da yawa wanda hankali ya fara kawowa ne, aka yi maka zagaye har ka sake shi.

Wanda yake son ya gwada ƙwarewarsa a wannan fanni, ya nemi Five Little Pigs na 1942. Kisan ya shekara 16 da faruwa, babu toka, babu sawu, sai mutum biyar da kowannensu ya rubuta abin da ya tuna na rana ɗaya. Aikinka ka jera bayanan biyar, ka ga inda magana ɗaya ta fito da ma'ana biyu.

Tsaya kafin ya tara su

Za ka gane wurin. Poirot zai ce ya gane komai, ko ya sa a tara kowa a falo. A Orient Express ma an raba littafin kashi uku, na ukun shi ne inda ya zauna yin tunani, har da jerin tambayoyi goma da ya rubuta. Rufe littafin a nan, in da hali ka kwana.

Ɗauko takardunka ka rubuta amsa cikakkiya: wane ne, don me, ta yaya, da ƙarfe nawa, shi kaɗai ko da mataimaki. Suna kawai ba amsa ba ce, don ko da ka-cici-ka-cici ana iya dacewa. Sannan ɗauko shafin ƙananan abubuwan nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko amsarka ta bayyana kowanne. In guda ɗaya ya ƙi shiga, kada ka danne shi, sauya amsar. Hanya mafi sauri ita ce ka koma jadawalin lokaci ka nemi layin da ya dogara da bakin mutum ɗaya, ka cire shi, ka ga shaidar wa ta rushe.

Bayan ka karanta ƙarshen, ko ka ci ko ka faɗi, koma ka nemo kowace alama da Poirot ya ambata a ainihin shafin da aka fara sa ta. Duba jimlar da ke gabanta da ta bayanta, ka ga da me aka ɗauke maka hankali, ka rubuta dabarar a bangon takardarka. Littafi na gaba da za ka ɗauka, fara da karanta wannan bangon, sannan ka buɗe babi na ɗaya.